Tambayoyin Masu Karatu: Allo Biyu a Kan Linux

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu kusa da Babbar Kasuwar Maradi. Laftof ɗina na da Ubuntu 24.04, na sayi allo na biyu na hannu wanda ramin VGA kawai gare shi, tare da adafta. Na haɗa, allon ya kunna amma baƙi ƙirin, yana cewa babu sigina. Wani ya ce in sake zuba Ubuntu. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ku sake zuba komai tukuna. Abin da za a fara sani shi ne ko kwamfutar ta san an jona mata allo. Ku buɗe Terminal da Ctrl+Alt+T ku rubuta:

grep . /sys/class/drm/card*-*/status

Za ta jero ramukan hoto duka, kowane da matsayinsa. eDP shi ne allon laftof ɗin kansa. Ku dubi layin HDMI. In ya ce disconnected, matsalar tana tsakanin ramin laftof da allon, kuma ba umarnin da zai gyara ta.

Wanda muka fi zargi a nan shi ne adaftan. HDMI sigina ce ta dijital, VGA kuwa analog, don haka akwai ɗan guntun lantarki a ciki mai juya ɗaya zuwa ɗaya, kuma hanya guda yake bi. Wanda kuke buƙata shi ne mai ɗauko HDMI ya kai VGA. Wanda ke ɗauko VGA ya kai HDMI kamarsu ɗaya a ido, galibi da ƴar wayar USB a jikinsa, kuma ba zai yi muku aiki ba. Wasu tsofaffin laftof kuma ba sa ba adaftan isasshiyar wuta ta ramin HDMI. In naku yana da ɗan ramin caji a gefe, ku ba shi wuta ta nan. Sai ku danna maɓallin zaɓen sigina a jikin allon ku tabbatar yana kan VGA. A lokacin hunturu ku hure ƙurar ramukan, ku ɗaure sukurori biyun nan na kan VGA.

In kuwa layin ya ce connected, an ci rabin aiki. Ku danna maɓalli mai tambarin Windows tare da P, ku zaɓi haɗa allunan. Ko ku shiga saitin allo, wanda a kwamfuta mai Faransanci yake Paramètres sannan Écrans, ku kunna allo na biyu.

Akwai hali na uku: layin HDMI bai fito ba sam. Wannan yakan faru a laftof mai katin hoto biyu, Intel da NVIDIA, inda ramin HDMI yake jone da NVIDIA kai tsaye. Ku duba da lspci | grep -iE "vga|3d". A madannai na Faransanci, sandar nan a tsaye AltGr ne da 6. In kun ga NVIDIA, ku rubuta sudo ubuntu-drivers install don zuba direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, ku sake kunna kwamfutar. In Secure Boot, wato tsaron da ke tantance manhaja wajen tashin kwamfuta, na kunne, tana iya neman ku ƙirƙiri kalmar sirri yayin zuba direban. In ta nema, wajen tashi shuɗin allo zai fito: ku zaɓi Enroll MOK ku shigar da ita. Mutane da yawa suna tsallake wannan shuɗin allon don tsoro, direban kuma ya ƙi tashi. Umarnin nvidia-smi zai nuna muku ko ya hau.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina aiki da Linux Mint 22. Allona na biyu mai faɗi ne, 1440x900, amma 1024x768 kawai kwamfutar ke ba ni. Rubutu ya baje, hotuna sun yi kumburi.

Amsa: Malama, allonki bai samu ya gabatar da kansa ba ne. Kowane allo yana ɗauke da ɗan bayani da ake kira EDID: sunansa, girmansa da irin saitin da yake iya ɗauka. A kebul na VGA wannan bayani yana bi ta ƙafa ta 12 da ta 15. Kebul mai araha wani lokaci babu waɗannan wayoyin a cikinsa, ko ƙafar ta lanƙwashe. Hoto zai wuce, bayanin ba zai wuce ba, sai Linux ya koma kan saitin da ya san kowane allo zai ɗauka. Don haka ki fara aron wani kebul ki gwada. Sau da yawa nan zancen ke ƙarewa, kuma gyaran da ya fi ɗorewa ke nan.

In ba a dace ba, sai a gaya wa kwamfutar girman da hannu. Ki fara rubuta echo $XDG_SESSION_TYPE. A Mint amsar x11 ce, kuma ita muke so, domin abin da ke tafe ba ya aiki a Wayland, ɗayan tsarin nuna hoto na Linux. Ki rubuta xrandr ki ga sunan allon, misali VGA-1 ko HDMI-1. Sannan cvt 1440 900 60. Za ta ba ki layi mai farawa da Modeline. Ki kwafi abin da ya biyo bayan kalmar:

xrandr --newmode "1440x900_60.00" 106.50 1440 1528 1672 1904 900 903 909 934 -hsync +vsync

xrandr --addmode VGA-1 "1440x900_60.00"

xrandr --output VGA-1 --mode "1440x900_60.00" --right-of eDP-1

Ki maye VGA-1 da sunan da kika gani a wurinki. Kuma ki tabbatar da girman allon daga lambar samfurin da ke bayansa, kada ki ƙiyasta. In kika tura masa abin da ya fi ƙarfinsa, zai yi baƙi. Allon laftof na nan, sai ki mayar da tsohon saitin daga can.

Wannan gyaran yana gushewa da an kashe kwamfuta. Ki zuba layukan uku a fayil mai suna .xprofile a babbar jakarki ta fayiloli, wato home, za su riƙa tashi duk lokacin da kika shiga. In gefen hoton ya ɗan karkace, maɓallin Auto na jikin allon ne maganinsa.

Masu Ubuntu 22.04 da 24.04 da ke son bin wannan hanya sai sun fita, su danna ɗan alamar saiti a shafin shigar da kalmar sirri, su zaɓi Ubuntu mai Xorg.

Tambaya: Malam, a ofishinmu da ke unguwar Zariya, duk lokacin da aka ɗauke kuran aka maido, tagogin aiki sai su tattaru a laftof, allo na biyu kuma ya koma hagu alhali a dama yake.

Amsa: Tattaruwar tagogin ba lalacewa ba ce. Laftof na da batir, allon ba shi da shi. Da wuta ta ɗauke, kwamfutar ta ɗauka an zare shi, sai ta kwaso kayanku ta kawo inda za ku gan su. In yana damun ku, ku ɗora allon a kan onduleur, wato akwatin riƙe wuta.

Sauya gefen ne ke da gyara. Ubuntu yana ajiye tsarin alluna a ~/.config/monitors.xml, yana gane kowane allo da sunansa da ramin da aka jona shi. In kuka canza rami ko adafta, ko adaftan ya tashi bai karanto EDID ba, sai ya ɗauke shi baƙo. Ku tsaya kan rami ɗaya. Ku share fayil ɗin da rm ~/.config/monitors.xml, ku fita ku sake shiga, ku ja allunan zuwa inda kuke so a saitin allo, ku tabbatar da canjin kafin ƙidayar ta ƙare. A Mint sunan fayil ɗin cinnamon-monitors.xml. Kuma idan wuta ta dawo, ku bar allon ya gama tashi kafin ku farkar da laftof.

Tambaya: Ramin HDMI ɗaya gare ni, ina son alluna biyu a waje. Na sayi ɗan akwati mai raba HDMI gida biyu, amma hoto iri ɗaya suke nunawa.

Amsa: Aikinsa ke nan, Malam. Sigina ɗaya yake kwafa, kwamfutar kuma allo ɗaya take gani, ko a Linux ko a Windows. Ya dace da majigi da allon malami a aji. Ku kuna buƙatar rami na biyu na gaske. Ku duba ko laftof ɗin na da VGA, ko ƙaramin DisplayPort, ko USB-C. Sai dai ba kowane USB-C ke fitar da hoto ba: ku nemi alamar DP ko ta walƙiyar Thunderbolt a gefen ramin, ko ku duba takardar samfurin kafin ku biya kuɗin adafta. In babu ko ɗaya, saura adaftan USB mai DisplayLink. Yana buƙatar direbansa daban, wanda kamfanin ke fitarwa don Ubuntu, kuma yana cin ƙarfin kwamfuta. Ya wadatar ga rubutu da lissafi, amma bidiyo zai riƙa sarƙewa a tsohuwar na'ura.