Tambaya da Amsa: Hayar Motar Lantarki Don Zirga-zirga Tsakanin Katsina da Daura

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, iyalina suna Katsina, wurin aikina kuma yana Daura, kullum ina zuwa in dawo. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mai yake cinye kaso mai tsoka na albashina. Wani kamfani ya yi mini tayin motar lantarki haya na shekara uku, ina biya wata-wata. Wace iri ya kamata in zaɓa? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga sunan mota, ya kamata a fara da tsawon hanyar da kake bi, domin shi ne zai raba maka wadda ta dace da wadda ba ta dace ba. Tsakanin Katsina da Daura akwai kimanin kilomita 80, ke nan kana cin kilomita 160 a rana, wanda idan aka lissafa da ranakun aiki ya kai wajen kilomita 40,000 a shekara. Yawancin yarjejeniyoyin hayar mota suna ƙayyade tafiyar da za a yi a shekara, a Turai da Amurka sau da yawa tsakanin kilomita 15,000 zuwa 20,000, kuma duk kilomitar da ta haura sai an biya ta daban. Idan takardar da aka ba ka tana da irin wannan sharaɗi, tarar da za ka tarar a ƙarshe tana iya cinye duk abin da ka rage na kuɗin mai. Ka nemi a rubuta maka adadin da ya yi daidai da tafiyarka kafin ka sa hannu, ko da hakan zai ɗaga kuɗin wata.

Sai maganar caji, wadda a ganina ta fi komai nauyi. Matsakaiciyar motar lantarki tana shan yunit 15 zuwa 18 na wuta a kowace kilomita 100, don haka kana bukatar yunit 24 zuwa 29 kowane dare. Soket na gida yana bayar da kilowat biyu da ɗan wani abu, ke nan sai motar ta yi fiye da awa goma a jone. Na'urar caji ta bango mai kilowat 7 kuwa za ta gama aikin cikin kimanin awa huɗu, matuƙar wayoyin gidan da mitar za su iya ɗaukar nauyin. Ka duba takardar kuɗin wuta ta KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, ka ga rukunin da unguwarku take. Masu rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, kuma tun watan Afrilun 2024 suna biyan sama da naira 200 kan kowane yunit, wanda a lissafinka zai kama naira dubu biyar zuwa shida a rana. Ka kwatanta wannan da kuɗin lita 12 ko 13 na fetur da ƙaramar mota take sha a wannan tafiya, za ka ga akwai rangwame sosai. Amma idan wutar unguwarku ba ta da tabbas har sai ka kunna janareta, to ka koma sayen man da ka guda. Sola ta gida ma ba ta warware matsalar kai tsaye, tun da lokacin da rana take tsaka motar tana Daura. Abin da ya fi shi ne ka samu izinin jona ta a wurin aiki.

Game da motar kanta, kada ka karɓi wadda batirinta ya gaza yunit 50. Nisan da kamfanoni suke rubutawa a takarda an gwada shi ne a yanayi mai sauƙi, alhali gudu a kan babbar hanya da na'urar sanyaya mota a kunne cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni yake haura digiri 40, yana rage shi ƙwarai. Wannan zafi ne ya sa ba zan ba ka shawarar tsohuwar Nissan Leaf ba, duk da araharta, domin batirinta ba shi da tsarin sanyaya na ruwa, kuma yana saurin raguwa a ƙasashe masu zafi. Hyundai Kona mai yunit 64, wadda kamfanin Stallion ya fara harhaɗawa a Legas, tana da wannan tsari, haka nan BYD Atto 3 mai kimanin yunit 60 tana da batirin LFP, nau'in da ya fi jure zafi da yawan cika caji. Ka kuma tambayi irin bakin cajin motar, saboda waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin suna amfani da GB/T, na Turai kuma CCS2, kuma ɗaya ba ya shiga ɗaya sai da mahaɗi.

Amfanin haya a kan saye shi ne cewa lalacewar batir da faɗuwar darajar mota suna kan mai ita, amma wannan ba ya tabbata sai an rubuta. Ka tabbatar takardar ta fayyace wanda zai biya inshora da gyara, da inda za a kai motar idan ta samu matsala, domin ba kowane bakanike ne yake taɓa waɗannan motoci ba, kuma ɗaukar ta zuwa Kano ko Abuja kuɗi ne. Ka nemi a ba ka wata motar ka riƙa amfani da ita muddin taka tana gareji. Idan kana gudun riba, bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJBank, suna da tsarin ijara, wato haya bisa tsarin Musulunci, inda nauyin manyan gyare-gyare yake kan mai dukiya. Yana da kyau ka tambaye su ko tsarin nasu ya haɗa da motar lantarki, ka kwatanta da tayin da ke hannunka. Kafin komai ya kammala, ka roƙi kamfanin ya ba ka motar ta kwana biyu ko uku ka je Daura ka dawo da ita, ka ga abin da ya rage a batir da idonka.