Fetur Ya Yi Tsada: Amsoshin Tambayoyinku Kan Mota, Tanki da Aljihu

Tun da farashin mai ya sake kama hanyar sama, kusan duk wasiƙun da ke shigo wa wannan fili a kan abu ɗaya suke. Na zaɓi waɗanda na ga sun wakilci sauran, na kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

"Malam, me ke sa ɗanyen mai tashi haka? Ko man ne ya fara ƙarewa a ƙarƙashin ƙasa?" Daga wani matashi da ya sayi motarsa ta farko.

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, man bai ƙare ba. Duniya na ƙona kimanin ganga miliyan 100 kowace rana, kowace ganga kuma lita 159 ce. Matsalar ita ce mai saye da mai haƙowa duk ba sa iya juyawa da sauri. Ma'aikaci ba zai fasa zuwa aiki don fetur ya ƙara kuɗi ba, manomi ba zai kashe injin ban ruwa a tsakiyar rani ba, jirgin sama ma ba zai fasa tashi ba. A ɗaya ɓangaren, sabon filin mai a cikin teku yakan ɗauki shekaru kafin ɗigon farko ya fito. Shi ya sa ƙaramin giɓi tsakanin abin da ake buƙata da abin da ake da shi yakan sa farashi ya yi tsalle fiye da girman giɓin kansa.

Wani lokaci masu man ne ke janyo giɓin da gangan. An kafa OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, a Bagadaza a 1960, ƙasashen da suka kafa ta kuwa su ne Saudiyya, Iran, Iraƙi, Kuwait da Benezuwela. Daga 2016 ta haɗa kai da Rasha da wasu ƙasashe, ake kiran taron OPEC+. Idan suka zauna suka rage yawan gangunan da kowa zai fitar, kasuwa takan amsa nan take. A 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni.

Wani lokaci kuma yaƙi ne, ko ma tsoron yaƙin kawai. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha yana bi ta mashigin Hormuz, wani siririn ruwa tsakanin Iran da Oman. Da zarar an ji ƙishin-ƙishin rikici a wannan yanki, kamfanonin inshora na ƙara wa jiragen dakon mai kuɗi, 'yan kasuwa kuma na rige-rigen ƙulla cinikin man watanni masu zuwa, farashi ya tashi tun kafin a tare ko da jirgi ɗaya. Haka aka gani a watan Maris na 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren: man Brent, wanda ake auna farashin duniya da shi, ya haura dala 120.

Tashin 2022 ɗin ma yana da tushe tun kafin yaƙin. A lokacin kullen korona an ajiye motoci da jirage, mai ya rasa mai saye, har ranar 20 ga Afrilu 2020 farashin ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, wato mai kaya ke biyan wanda zai karɓe masa kayan domin wurin ajiya ya cika. OPEC+ ta rage ganga miliyan 9.7 a rana, kamfanoni suka dakatar da haƙa sababbin rijiyoyi, wasu matatun aka rufe su baki ɗaya. Da duniya ta buɗe, jama'a suka koma kan titi da sauri, rijiyoyi kuwa ba su farfaɗo da wannan saurin ba.

Akwai kuma batun dala, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi. Da dalar Amurka ake cinikin yawancin man duniya. Duk ƙasar da kuɗinta ya yi rauni a gaban dala, mutanenta za su ga fetur ya ƙara tsada ko da ganga ba ta motsa ba.

"Na ji a labarai ɗanyen mai ya sauka, amma a gidan mai ban ga sauƙi ba. Ba cutarmu ake yi ba kuwa?" Daga wata malamar makaranta.

Malama, takaicinki na kan hanya, kuma ba ke kaɗai kika lura da wannan ba. Masana tattalin arziki sun daɗe suna nazarin yadda farashin gidan mai ke hawa da gudu amma ya sauko da rarrafe. Sai dai ki sani ɗanyen mai ɓangare ɗaya ne kawai na kuɗin litar da kike biya. Akwai kuɗin tacewa, da na dako a jirgi da bututu da tanka, da ribar dillali da mai gidan mai, sannan ga haraji, wanda a ƙasashen Turai da dama yake cin kaso mai tsoka na farashin. Waɗannan ba sa sauka don ganga ta sauka.

Matatu kansu suna iya zama silar tsada. A 2005 guguwar Katrina ta rufe matatu da dama a gaɓar tekun Meziko ta Amurka, fetur ya yi tashin gwauron zabi domin wurin tace man ne ya yi ƙaranci. Ban ce babu masu cin kasuwa da kokawa ba. Mai gidan man da ba shi da abokin gasa a kusa ba ya gaggawar rage farashi, musamman idan tankinsa cike yake da man da ya sayo da tsada. Abin da ke hannunki shi ne ki riƙa kwatanta farashin gidajen man da ke kan hanyarki ta kullum. Amma kar ki yi doguwar tafiya don neman ragin da bai kai man da za ki ƙona a hanya ba.

"Motata babba ce mai shan mai. Ina tunanin in sayar da ita yanzu in sayi ƙarama, ko irin mai haɗa fetur da batir. Me ka gani?" Daga wani magidanci mai 'ya'ya biyar.

Alhaji, wannan tambayar ce ta fi damuna, domin a nan ne mutane suka fi yin asara. Roƙona gare ka shi ne ka ɗauki biro da takarda kafin ka kira dillali.

Lokacin da fetur ya yi tsada, kowa tunaninka yake yi. Masu manyan motoci na fitar da su kasuwa, farashinsu ya faɗi. Kowa na neman ƙarama, farashinta ya hau. Ka ga ke nan za ka sayar da araha, ka saya da tsada. An ga wannan a Amurka a 2008. A watan Yuli na shekarar ganga ta kai kusan dala 147, mutane suka riƙa rabuwa da manyan motocinsu a kan asara. Kafin shekarar ta ƙare, tattalin arzikin duniya ya durƙushe, ganga ta dawo ƙasa da dala 40. Haka kuma a tsakiyar 2014 tana sama da dala 100, zuwa farkon 2016 ta faɗi ƙasa da dala 30, bayan Amurka ta cika kasuwa da man da take fasowa daga cikin duwatsu. Duk wanda ya ce maka ya san inda farashi zai kasance baɗi, ka saurare shi da kunne ɗaya. Manyan bankuna masu ɗaruruwan masana ma hasashensu na kuskurewa.

To ga yadda za ka yi lissafin. Ka cika tanki fal, ka rubuta lambar da ke kan mitar tafiya, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba, sannan ka sake cikawa ka ga lita nawa ta ci a kilomita nawa. A ce taka na shan lita 12 a kowace kilomita 100, wadda kake so kuma lita 7. Idan kana yin kilomita 15,000 a shekara, taka za ta sha lita 1,800, waccan 1,050, ka tsira da lita 750. Idan kuwa tafiyarka ba ta wuce kilomita 5,000 ba, abin da za ka tsira da shi lita 250 ne kacal. Sai ka ninka wannan da farashin lita a inda kake, ka ajiye shi gefe guda. A ɗaya gefen ka rubuta cikon da za ka yi wajen musayar, da kuɗin sauya takardu, da gyaran da kusan kowace motar hannu ke nema a watannin farko, da ruwan bashi idan bashi za ka ci. Ka raba na biyun da na farkon, zai nuna maka shekaru nawa za ka yi kafin kuɗinka su dawo. Idan shekara biyu ko uku ne, musayar ta yi ma'ana. Idan ya kai takwas ko goma, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuma ka tuna da iyalinka. Motar da ba za ta ɗauke ku gaba ɗaya ba, sai an yi sawu biyu, ta cinye ragin da aka saye ta dominsa.

Game da mai haɗa fetur da batir: ba sabuwar fasaha ba ce, tun 1997 Toyota ta fitar da Prius a Japan, kuma an gwada ta an ga amfaninta. Ta fi yin rana a cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, domin tana kashe inji a cunkoso, tana kuma mayar da ƙarfin taka birki zuwa batir. A doguwar hanya bambancin na raguwa. Idan ta hannu za ka saya, kar ka biya sai wanda ya san aikinta ya jona mata na'ura ya duba lafiyar babban batirin, domin sauya shi ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ka kuma tabbatar akwai makanikin da ya iya ta kusa da kai.

Idan motarka ta riga ta tsufa, dama kana shirin sauya ta, to wannan wata magana ce daban. Ka sa shan mai a sahun gaba na abin da za ka duba, ko fetur na tsada ko yana araha.

"In sayi jarkoki in tara fetur a gida kafin ya ƙara tashi?" Daga wani mai aikin tuƙi.

A'a, ɗan'uwa, don Allah kar ka yi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya yi nisa daga jarkar, kuma ƙyastun ashana ko tartsatsin makunnin lantarki ya isa ya tayar da shi. Ba sai wuta ta taɓa man ba. Ban da haka, fetur na lalacewa idan ya daɗe: cikin watanni sassansa masu saurin kamawa na tashi, sauran ya yi danƙo ya toshe hanyoyin mai a inji. Ribar 'yan litoci ba ta kai a kwana da wannan a gidan da yara suke ba. Idan aikinka ya tilasta maka ajiye kaɗan, ya zama a jarkar da aka ƙera don fetur, a wajen ɗakin kwana, nesa da murhu da zafin rana.

"Ana tallar wani ƙarfe mai maganaɗisu da ake maƙala wa bututun mai, da wata ƙwaya da ake jefawa a tanki, wai suna rage shan mai da rabi. In saya? Kuma fetur mai tsada, na musamman ɗin nan, ya fi auki?" Daga wata 'yar kasuwa.

Hajiya, riƙe kuɗinki. Irin waɗannan kayan kan fito kasuwa duk lokacin da mai ya yi tsada. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada sama da guda 100 daga cikinsu, ba ta samu wanda ya rage shan mai yadda za a ce a zo a gani ba, wasu ma suna iya ɓata inji. Kamfanonin mota na kashe maƙudan kuɗi don rage ko da ɗan kaɗan ne daga abin da injinsu ke sha. Da maganaɗisu ɗan mitsitsi na yin wannan aikin, da tun daga masana'anta za su saka shi.

Fetur na musamman kuwa, lambar oktan ɗinsa ce ta fi yawa, ma'ana ya fi jure matsi kafin ya kama. Injin da aka ƙera don shi yana buƙatarsa. Wanda ba a ƙera don shi ba, ƙarin kuɗin kawai za ki biya. Ki duba littafin motar ko cikin murfin tanki, ki bi abin da aka rubuta.

Ragin gaskiya yana ƙafarki ta dama. Fizgar mota daga tsaye, sannan a danna birki da ƙarfi a gaba kaɗan, shi ne babban mai cinye fetur a cikin gari. A babbar hanya kuma iska ce abokiyar gaba: idan kika ninka gudu, turjiyar iska na ninkuwa sau huɗu, shi ya sa yawancin motoci ke fara shan mai sosai da zarar an wuce kilomita 80 zuwa 90 a awa. Ki riƙa auna iskar taya sau ɗaya a wata, da safe kafin tayar ta yi zafi, bisa lambar da ke jikin ƙofar direba. Ki sauke kayan da ke kwana a but ba dalili, da abin da aka ɗaure a saman mota. Idan za ki jira wani fiye da minti ɗaya, kashe injin. Injin da bai yi ɗumi ba ya fi shan mai, don haka ki haɗa aikace-aikacenki a fita ɗaya maimakon gajerun fita uku. Idan kuma kika ga shan man ya ƙaru kwatsam alhali tuƙinki bai sauya ba, ki kai ta a duba fulogi da na'urar da ke auna iskar hayaƙi a salansa, a kuma tabbatar birki ba ya riƙe taya.