Katin biki ko rubutun likita? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Salam Malam, na haɗa katin auren ƙanwata a kwamfuta da rubutun nan mai karkata mai jela kamar na alƙalami, amma duk wanda na turawa sai ya kira yana tambaya wai a ina za a yi walimar. Mene ne matsalar? Daga wata 'yar'uwa a Aboabo.

Amsa: Hajiya na ga katin, ni ma sai da na sa tabarau. Salon rubutun Monotype Corsiva kika ɗauko, ba laifi, amma sunan amarya da na ango da wurin walima har da kwanan wata duk kin zuba su da manyan haruffa, to wa zai karanta? Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, ka bi ta unguwar Asawase a Kumasi ka kalli allunan shaguna da banonin maulidi, duk cutar ɗaya ce.

Shi wannan salon da ake kira italik daga rubutun hannun malaman Italiya aka kwaikwayo shi, kuma a 1501 da wani mai buga littattafai Aldus Manutius ya fara buga littafi da shi a birnin Venis, ƙananan haruffa ne kawai suka karkata, manyan a tsaye suke ƙyam. Babban harafi mai jela na farkon kalma ne, guda ɗaya tak. In kin jera goma kamar kin cusa mata goma masu goggoro ne a kujera ɗaya ta motar haya trotro, kowa na tsone wa kowa ido. Ki bar wa sunan amarya da ango kwalliyar, ki ƙara musu girma, lokaci da adireshi kuma ki sa su a tsaye yadda tsohuwa ma za ta gani.

Sannan "ɗaurin aure" ɗin naki, ɗ ɗin ya fita daban kamar baƙo a gidan suna, saboda salon ba shi da haruffanmu masu ƙugiya sai kwamfuta ta aro daga wani wuri. Ni salon Gentium nake amfani da shi kullum, kyauta ne, yana da ɓ da ɗ da ƙ, kuma italik ɗinsa na gaske ne, ba irin wanda kwamfuta ke tura haruffa gefe kamar iska ta kaɗa dawa ba. Ki duba harafin a, in ya koma irin na rubutun hannu to na gaske ne.

Tambaya: Na kai aikina wurin masu bugawa a Adum, ya fito da wani rubutu daban. Daga wani ɗan'uwa a Tafo.

Amsa: Ba su da salon naka a na'urarsu. A manhajar zane ta CorelDRAW ka zaɓi rubutun ka danna Ctrl+Q don haruffan su koma zane kafin ka kai, ko ka kai musu PDF. Kuɗin bugun farko kam sun tafi.

Tambaya: Yaya ake karkata rubutu a WhatsApp? Daga wani matashi a Nima.

Amsa: Ka sa alamar _ a gaba da bayan kalmar. Ƙaninka ma ya sani.