Amsa ga Hajiya kan sana'ar mai raka mawaƙi da piyano

Assalamu alaikum, jama'ar gida. Hajiya, kin tambaya ko ana cin abinci da kaɗa piyano, amma ni na ji abin da ke ranki: kina ganin yaron nan da ya koma raka mawaƙa da piyano a Legon, unguwar jami'a da ke Accra, ya gaza ne, tunda ba shi ake tafa wa ba. To, ki kwantar da hankalinki.

Akwai wani Baturen Ingila, Gerald Moore, wanda aka haifa a 1899, ya rasu a 1987, kuma kusan duk rayuwarsa a bayan mawaƙa ya yi ta, ciki har da Bajamushen nan Dietrich Fischer-Dieskau, wanda suka naɗi ɗaruruwan waƙoƙin Schubert, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, tare. Ranar da ya yi ban kwana da dandali a Landan a 1967, manyan mawaƙa uku ne suka taru don girmama shi, Fischer-Dieskau da Elisabeth Schwarzkopf da Victoria de los Ángeles. Wanda ya gaza ba a yi masa haka.

Aikin ma ba na rago ba ne. Mawaƙiya za ta zo da mura, ta ce a sauke mata waƙar ƙasa kaɗan, mai piyano kuwa idonsa na kan takarda yana karanta wani sauti, yatsunsa suna buga wani. In numfashinta ya ƙare da wuri ya sassauta, in ta tsallake baiti ya bi ta a natse, ba wanda zai lura. Ku tuna masu kalangun Shata, da ba sa wuce shi kuma ba sa barin sa shi kaɗai. Akwai waƙar Schubert ta 1815 kan uba da ke sukuwa da ɗansa cikin dare, inda hannun dama ke ta buga sautin kofato kusan minti huɗu babu hutu, har wuyan hannu ya ƙage.

Abin da ke ɓata mini rai har yau shi ne wani taro da muka je nan Accra, aka buga sunan mawaƙiya da manyan haruffa a takardar shiri, aka sa hotonta, har mai ɗaukar hoto an gode masa, amma yarinyar da ta zauna awa biyu a kan piyano ko sunanta babu. Na yi wa mai shirya taron magana, ya ce mantuwa ce.

Batun kuɗi kuwa, Hajiya, gaskiya sai yaron ya haɗa da koyarwa da yi wa ɗalibai rakiya da piyano ranar jarrabawa. Ki ce ya kira ni bayan La'asar.