Hukuncin Darasin Tattaunawa da Mabiya Wasu Addinai da Haɗa Hannu da Su Wajen Tsayar da Adalci

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malam, ni ɗalibi ne a wata kwalejin nazarin addinin Musulunci. A wannan zangon an ƙara mana darasi na tilas a kan tattaunawa tsakanin addinai da adalci a zamantakewa. Za mu karanta wasu sassa na Baibul, za mu riƙa zama da ɗaliban wata makarantar horar da limaman Kirista, a ƙarshe kuma mu yi aikin haɗin gwiwa da su, kamar ziyarar gidan yari da bin haƙƙin waɗanda aka tsare ba shari'a. Ajinmu ya rabu biyu. Wasu na cewa wannan haɗe addinai ne da jiɓintar kafirai. Wasu na cewa ba komai, ai duk Allah ɗaya muke bauta wa. Ni dai zuciyata ba ta natsu da ko ɗaya ba. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya ƙara maka fahimta. Kowane ɓangare na ajinku ya cakuɗa abubuwan da Shari'a ta rarrabe, shi ya sa ka kasa natsuwa. Shiga wannan darasi halal ne ga ɗalibin da ya riga ya karanci aƙidarsa ta zauna masa, kuma samar da malamai da suka ƙware a wannan fanni farali ne na kifaya a kan al'umma, wato idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura. Abin da ya haramta shi ne yarda cewa duk addinai hanyoyi ne karɓaɓɓu a wurin Allah, da tarayya a cikin ibadar wani addini, da ɓoye wani abu na aƙida don a faranta wa abokin zama.

In fara da masu cewa ba komai. Mahalicci ɗaya ne, babu shakka, amma wannan bai mai da kowace hanya daidai ba. Allah yana cewa a Ali Imrana, aya ta 85, duk wanda ya nemi wani addini ba Musulunci ba, ba za a karɓa daga gare shi ba. Da Ƙuraishawa suka nemi Annabi (SAW) ya bauta wa gumakansu shekara guda su ma su bauta wa Allah shekara guda, Suratul Kafirun ce ta sauka ta rufe ƙofar. Duk darasin da manufarsa ita ce ka fita kana ganin tauhidi da aƙidar uku-cikin-ɗaya fuska biyu ne na gaskiya guda, wannan ba ya halatta, ko da wane suna aka raɗa masa.

Amma ba haka ka siffanta naku ba, don haka in juya ga masu haramtawa. Babbar hujjarsu ita ce hadisin Jabir da Imam Ahmad ya ruwaito, cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya zo da wata takarda daga Ma'abota Littafi, Annabi (SAW) ya yi fushi, ya ce da Musa yana raye da babu abin da zai yi sai ya bi shi. A isnadin hadisin akwai Mujalid ɗan Sa'id, wanda malaman hadisi suka yi magana a kansa, ko da yake wasu sun ƙarfafa hadisin da wasu hanyoyi. Mu ɗauka ya inganta. Hafiz Ibn Hajar ya yi bayaninsa a Fathul Bari, ya ce abin da ya fi dacewa shi ne a bambance tsakanin wanda imaninsa bai kafu ba, wanda bai halatta ya duba littattafan ba, da wanda ya kafu, wanda ya halatta gare shi, musamman idan akwai buƙatar mayar da martani. Wanda bai iya iyo ba, ba a tura shi tsakiyar kogi, amma ba a hana masunta shiga ruwa saboda shi. Abin da aka hana shi ne neman shiriya a can. Karatu don sanin abin da mutane suke cewa kuwa, Annabi (SAW) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya shi cikin kusan rabin wata. Ya kuma ba mu ma'auni a hadisin Bukhari: kada mu gaskata Ma'abota Littafi, kada kuma mu ƙaryata su, wato a abin da Alƙur'ani da Sunna ba su tabbatar ba kuma ba su kore ba.

A kan wannan magabata suka tafi. Ibn Hazm, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya bi Attaura da Linjila daki-daki. Biruni ya koyi harshen Sanskirit domin ya rubuta addinin mutanen Indiya daga bakinsu. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684, da Ibn Taimiyya da ya rasu a 728, kowannensu ya rubuta littafi na amsa wa malaman Kirista, kuma ba a amsa maganar da ba a karanta ba. Babu wanda ya ce imanin waɗannan ya raunana.

Batun zama da su kuwa, Alƙur'ani bai tsaya kan halattawa kawai ba, har ladabin ya koyar. A Ankabut, aya ta 46, an ce kada mu yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanyar da ta fi kyau, in ban da waɗanda suka yi zalunci daga cikinsu. A An'am, aya ta 108, an hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su zagi Allah cikin jahilci. A shekara ta 9 bayan Hijira tawagar Kiristocin Najran, mutum 60, suka zo Madina, suka yi muhawara da Annabi (SAW) a kan Annabi Isa (AS), ayoyi sama da 80 na farkon Ali Imrana suka sauka a kansu kamar yadda Ibn Ishaƙ ya ruwaito. Ba su musulunta ba. An ƙulla yarjejeniya da su, suka nemi a haɗa su da amintaccen mutum, aka ba su Abu Ubaida ɗan Jarrah. Ibnul Ƙayyim ya ciro daga wannan ƙissa cewa muhawara da Ma'abota Littafi halal ce, har takan zama wajibi idan maslaharta ta bayyana.

Abin koyinka a wurin zaman shi ne Ja'afar ɗan Abi Ɗalib a fadar Najjashi, sarkin Habasha. Shi da Musulmin da suka yi hijira tare baƙi ne masu neman mafaka a hannun sarki Kirista, aka kuma tambaye su abin da suke cewa game da Isa, tambayar da za ta iya jawo a kore su. Ja'afar ya ce bawan Allah ne, Manzonsa, ruhi daga gare Shi, kuma kalmarsa da ya jefa wa Maryam. Bai rage komai don tsoro ba, bai kuma ƙara cin fuska ba. Haka za ka yi. Kuma wajibi ne ka faɗi aƙidarsu yadda su suke faɗarta kafin ka amsa ta. Ɗalibin da bai san abin da aka zartar a majalisar Nikiya, taron manyan limaman Kirista a kan matsayin Isa, ta shekarar 325 Miladiyya ba, bai san bambancin Katolika da Otodoks da Furotesta ba, zai jingina musu abin da ba su faɗa ba. Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya haramun ce ko a kan wa aka yi ta. Mu ma ciwo muke ji idan aka ɗora mana abin da ba mu ce ba.

Yanzu ga batun adalci, wanda ya fi damuna a tambayarka. Abin takaici ne a ce ɗaliban Shari'a suna kokwanton halaccin bin haƙƙin wanda aka tsare ba shari'a don kawai wanda za su tafi tare da shi ba Musulmi ba ne. Tun kafin annabta, wani baƙo daga ƙabilar Zubaid ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya hau dutsen Abu Ƙubais ya yi kururuwar neman agaji. Sai wasu gidajen Ƙuraish suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi rantsuwa cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka har a mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Masu rantsuwar mushirikai ne, wanda aka tsaya wa ma mushiriki ne. Duk da haka bayan annabta Annabi (SAW) ya ce ba zai so a musanya masa halartar wannan ƙawance da jajayen raƙuma ba, kuma da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci da ya amsa. A Hudaibiyya ma ya rantse cewa babu wani shiri da Ƙuraishawa za su nema, wanda a cikinsa ake girmama alfarmomin Allah, face ya ba su. Ayar taimakekeniya a kan alheri da taƙawa, aya ta 2 a Ma'ida, duba inda ta zo: a jimlar da ke gabanta ana gargaɗin Musulmi ne kada ƙiyayyar waɗanda suka tare su daga Masallaci Mai Alfarma ta sa su ƙetare iyaka.

Jiɓintar da aka hana daban take da wannan. Ita ce son addininsu, ko taimakonsu a kan Musulmi. Kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba kuwa, Mumtahana aya ta 8 ta halatta su a fili. Ƙarafi ya keɓe wa bambancin babi guda a littafinsa Al-Furuƙ, ya lissafa cikin kyautatawar da aka yi umarni da ita: tausasa wa mai rauninsu, ciyar da mayunwacinsu, tufatar da marar suturarsu, kare dukiyarsu da mutuncinsu, da taimaka musu wajen ture zalunci. Da Tatar, mayaƙan Mongol da suka mamaye Sham, suka yarda su saki fursunonin Musulmi su riƙe Kiristoci, Ibn Taimiyya ya ƙi, ya ce ba za a bar fursuna ko ɗaya ba, Musulmi ne ko ɗan amana, wato wanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin kariyar Musulmi, har aka sake su. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa duk wanda ya zalunci wanda ke da alƙawarin zaman lafiya da mu, ko ya tauye masa haƙƙi, ko ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, Annabi (SAW) ne zai yi jayayya da shi ranar Alƙiyama.

Zan faɗa wa masu tsara manhajojin makarantun addini wata magana, domin ta shafe su fiye da ɗalibai. Muna yaye ɗalibi ya haddace abubuwan da ke warware alwala, kuma hakan wajibi ne, amma ba mu zaunar da shi mun koya masa abin da zai yi idan ma'aikaci ya zo masa an hana shi ladansa, ko marainiya an cinye mata gado ba. Alhali a Bukhari Allah yana cewa Shi ne abokin husumar wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya gama amfana da aikinsa, ya hana shi lada. Suratul Ma'un ta siffanta mai ƙaryata sakamako da tunkuɗe maraya da ƙin kwaɗaitarwa ga ciyar da miskini. Wannan darasi namu ne tun asali, ba aro muka yi daga kowa ba. Kuma gwajin ko ɗalibi ya koye shi ba a takardar jarrabawa yake ba. Yana ranar da mai zaluncin zai zama Musulmi ɗan'uwansa, wanda aka zalunta kuma ba Musulmi ba. Nisa'i aya ta 135 ta ce a tsayar da adalci ko a kan kai ne, ko iyaye, ko dangi. Idan ka ga alheri a wurinsu ma ka faɗa, domin Amru ɗan Asi, a hadisin Muslim, ya yabi Rumawa da cewa sun fi kowa kyautata wa miskini da maraya da mai rauni, sun kuma fi kowa hana zaluncin sarakuna.

Sai dai ba duk abin da aka kira adalci a tarurrukan duniya ne adalci a Shari'a ba. Idan aka shigo da halatta abin da Allah ya haramta, ko sauya rabon gado, ka ce ba ka tare da su a nan, cikin ladabi, ku ci gaba da abin da kuka haɗu a kai. Haka za ka yi da takardun da za a ba ku, irin sanarwar Fadar Batikan ta 1965 a kan sauran addinai, da wasiƙar da malaman Musulmi 138 suka aika wa shugabannin Kirista a 2007, da takardar da Shehun Azhar Ahmad Ɗayyib da Fafaroma Francis suka sa wa hannu a Abu Dhabi a 2019. Ka karanta su, ka auna su da Alƙur'ani da Sunna. Ba wahayi ba ne, ana ɗauka ana bari.

Idan aka buɗe zama da addu'a, kowa ya yi tasa. Kada ka ce amin ga addu'ar da aka yi da sunan wanin Allah, ka yi shiru ba tare da izgili ba. Shiga coci malamai sun yi saɓani a kai. An ruwaito Umar ya ƙi shiga saboda gumakan da ke ciki, Ibn Abbas kuma yakan yi salla a wadda babu gumaka. Abin da nake rinjayarwa shi ne halacci idan don ilimi ne, ba a lokacin ibadarsu ba. Ba ka rusunawa, ba ka rera waƙar ibada, ba ka karɓar abin da suke kira jibin Ubangiji. A kan makaranta kuma wajibi ne ta sa wannan darasi bayan darasin aƙida, ba kafinsa ba, ta ba da shi ga malamin da ya san fannonin biyu. Idan wata ƙungiya ce ke ɗaukar nauyinsa, babu laifi a karɓi tallafin muddin ba a gindaya sharaɗin da ya taɓa aƙida ba.

Ka gaya wa 'yan ajinku su kame bakinsu daga kafirta juna a kan wannan. Wanda ya san kansa cewa shubuha na saurin kama shi, ya sanar da malaminsa ya nemi uzuri, kuma ya kamata a ba shi, ko a musanya masa da wani aiki. Kai ma idan wata tambaya ta tsaya maka a rai bayan zama, kada ka bari ta daɗe tana cin ka a ɓoye, ka kai ta wurin malamin da ka amince da iliminsa.

Allah ne mafi sani.