Amsa ga 'yar uwar da ta haihu a Ingila take kwana kuka

Salam ƙanwata, barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana shi ya sa mai jin ƙan ku ne. Tun jiya da daddare na ga tambayarki na kasa wucewa. Kin ce sati bakwai kenan da haihuwarki, bara kika biyo maigida Ingila, kullum kuka kike ba ki san dalili ba, ko yaron ya yi barci ke idonki biyu, in kin ɗauke shi kuma ba kya jin komai a ranki, sannan kina tsoron faɗa wa nas ɗin da ke zuwa gida kar a ƙwace miki ɗa ko abin ya taɓa takardunku. Na ga wasu sun ce ki riƙe azkar, ki gode wa Allah wasu nema suke ba su samu ba. Azkar kam ki riƙe shi da kyau, amma dan Allah ki saurare ni, don abin nan da kike faɗa, ciwon damuwa bayan haihuwa, na yi shi, ba labari aka ba ni ba.

Na haifi ɗana na fari a watan Disamba a wani gari can arewacin Ingila, tiyata aka min. Mun nema wa Mama biza aka hana. Kin san sanyin Disamba a nan, kafin ƙarfe huɗu an yi magariba gari ya yi duhu, maigida kuma aikin dare yake yi a gidan kula da tsofaffi, ya dawo da safe a gajiye ya kwanta. To daga ni sai jariri sai ƙarar hita. Ranar suna a gida aka yanka rago, aka kira ni bidiyo kol ina kallon tsakar gidanmu cike da mata, ana ta rabon waina ana guɗa, ƙannen Mama suna ta miƙa wa juna wayar kowa na cewa ɗago mana shi mu gani, ni kuma ina zaune bakin gado da rigar da na kwana uku da ita. Na yi musu dariya har aka gama. Ina kashe wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kar maigida ya ji, na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Washegari na lallaɓa kicin ina dafe da ɗinki na dama kunun kanwa da 'yar kanwar da Mama ta ƙullo min a leda, kafin in sha yaro ya farka, sai da yamma na tarar da shi ya sandare a kofi.

Mu fa a gida mai jego ba a barinta ita kaɗai. Haihuwar fari goyon ciki ake tafiya, akwai mai dafa ruwan wanka, akwai mai karɓar jariri ki runtsa, 'yan barka na shiga suna fita har a yi arba'in. Ban ce a gida ba a wannan ciwon ba, ana yi sosai, sai dai a ce iska ce ko sammu ko a ce ta cika saka abu a rai. Amma wadda ta bar ƙasarta an zare mata duk wannan gatan lokaci ɗaya, ga yaren da ba nata ba, ga tunanin biza da kuɗin haya. Hukumar lafiya ta nan, NHS, ta ce sama da mace 1 cikin 10 na samun ciwon damuwa a shekarar farko bayan haihuwa, a cikin matan da suka yi ƙaura kuwa wani babban nazari da ya fito a 2023 ya nuna abin ya kai kusan 1 cikin 4, 'yan gudun hijira ma kusan 1 cikin 3. Kin ga ashe ba ke kaɗai ba ce, kuma ba raunin imani ba ne.

Akwai ɗan kuka da saurin fushi da yawancin masu jego ke yi kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa, wannan jiki ne ke komawa daidai kuma ba ya wuce sati biyu. Naki sati bakwai, ya wuce nan. Ni in na tuna ma tun ina da ciki wata shida nawa ya fara, na daina son ɗaga waya, abinci ba ɗanɗano, na ɗauka laulayi ne ya ƙi sakina.

Maganar nas yanzu, don nan ne na yi kuskuren da ya ja min wata biyu a banza. Da ta zo ta ba ni wani fom mai tambaya 10, sunan garin Edinburgh gare shi, tun 1987 ake amfani da shi, ana tambayar yadda kika ji a kwana bakwai da suka wuce, kina iya dariya, kina ɗora wa kanki laifi, kina kuka, ta ƙarshe kuma ko tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki. Lokacin Turancina bai zauna ba, maigida ne ke fassara min yana zaune a gefena. Ta yaya zan ce a gabansa wani lokacin ji nake gara in kwanta kar in tashi? Sai na yi ta cewa lafiya lau, alhamdulillah. Kuma tun kafin in haihu an cika min kunne cewa 'yan soshiyal, wato ma'aikatan gwamnati masu kula da walwalar yara, ɗauke yara suke yi. Wallahi ƙanwata ba haka abin yake ba. Ba a raba uwa da ɗanta don tana da ciwon damuwa, kullum suna ganin irinmu, har sashe na musamman suke da shi inda ake kwantar da uwa tare da jaririnta in abin ya yi tsanani, don dai kar a raba su. Biza kuma na sabunta tawa bayan haka, ba wanda ya ɗago min zancen.

Ranar da na buɗe baki, na ce a nemo min tafinta mace ta waya, kyauta ne kuma haƙƙinki ne, maigida ya fita da yaron falo. Da Hausa na faɗi komai. Likitar unguwa, GP ɗin nan, ta sa aka ɗebi jinina aka ga ya yi ƙasa sosai, aka duba maƙoƙo ma don shi ma yana kawo irin wannan kasalar. Ta ɗora ni a kan wani maganin ciwon damuwa mai suna sertraline, ta ce ana shayarwa da shi, kuma na shayar har yaye. Ba zan ɓoye miki ba satin farko na sha tashin zuciya da ciwon kai har na so in ajiye, sai wajen sati na huɗu wata safiya ina canza masa famfas ya kama ɗan yatsana ya yi murmushi, na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, na ɗauke shi ina ta shinshina wuyansa. Wannan son da kike nema kika rasa yana nan, ciwon ne ya danne shi. Na kai wata tara ina sha, kuma a hankali likita ta janye min, ba a yanke shi rana ɗaya. Ba kowa ake ba magani ba fa, wata zaman tattaunawa da ƙwararru kaɗai ke isarta, ni dai duka biyun aka haɗa min.

Abin da ya taimake ni kusan daidai da maganin shi ne fita. Nas ta matsa min in riƙa zuwa cibiyar yara ta unguwa duk Talata, ina zuwa ina zama a lungu, har ran da na ji wata tana wa 'yarta wasa da Hausa. Bahaushiyar Sudan ce, mafaka take nema, tana da tsohon ciki aka ɗauke ta daga wani gari zuwa wani, ta haihu a inda ba ta san kowa ba, a ɗakin otal take ba ta da ko wurin girki, kuma in ta rufe ido abin da ta gani a hanya ne ke dawo mata. Muka zama 'yan uwa. Ina dafa mata tuwo miyar kuka, ita kuma ta riƙe min yaro in yi barcin awa biyu. Har yau in na tuna matan da suka haihu a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a Kamaru ko na Diffa a Nijar sai jikina ya yi sanyi.

Maigidanki kuma ki zaunar da shi, nawa da farko cewa ya yi me na rasa, sai da ya ji daga bakin likita sannan ya rage aikin dare ya koma karɓar yaron daga asuba zuwa hantsi.

Abu ɗaya ne ba a jira da shi. In kika ji tunanin cutar da kanki ko yaron yana ƙarfi, ko kina jin muryoyi, ko kin yi kwanaki ba barci kanki ya rikice, ki kira 999 ko ku tafi sashen gaggawa a daren, jin muryoyi da rikicewar kai ɗin nan wani ciwon ne daban da ke kama kamar mace 1 cikin 1000 kuma ana warkewa in an yi sauri. In bai kai nan ba, gobe ƙarfe takwas ki kira GP ki ce kin haihu sati bakwai kuma ba kya jin daɗin ranki, kina son tafinta mace. In kiran ne ke miki nauyi ki min magana ta gefe ki faɗa min garin da kike, sai mu haɗa layi in riƙe miki har su ɗauka.