Amsa ga ɗan'uwan da ƙaninsa ke tsare a caji ofis

Ɗan'uwa, Allah ya fito da shi lafiya. Ka ce yau kwana uku ƙaninka na tsare saboda ubangidansa ya gudu da kuɗin dankalin wani, ga shi ana neman kuɗin beli. Na daɗe ina yi wa 'yan kasuwarmu zirga-zirgar irin wannan a nan Jos, kuma abin na ci mini rai.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kamu a kan bashi zalla. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, to ina ne a cikin Jos babu kotu kusa? Beli kuwa kyauta ne.

Inda mutanenmu ke kuskure shi ne tsayawa a kanta ana roƙon kurtu. Kurtu ba shi da ikon sakin kowa. Ɗan sandan da ke binciken maganar ma yana ƙarƙashin DPO ne, wato shugaban caji ofis ɗin, DPO ɗin za ka nema. In bai saurare ka ba, akwai Eriya Kwamanda a samansa, sai Kwamishinan 'Yan Sandan Filato, sai AIG, wato Mataimakin Sufeto Janar na shiyya, har Sufeto Janar a Abuja. Rundunar ta tarayya ce, shi ya sa kai kuka wurin ciyaman ko kansila bai cika amfani ba.

Amma kada ka je da baki kawai. Rubuta takardar koke: sunan yaron, ranar da aka kama shi, dalili, da sunan mai binciken. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a naka. Na taɓa bin maganar wani yaron shago kwana huɗu ina magiya ba a ko dube ni ba. Ranar da takarda ta isa ofishin sama, kafin la'asar yana gida, ko sisi ba mu ba da ba. Akwai masu tsoron Allah a cikinsu, takardar ce ke ba su abin kamawa.

Tafi da mai unguwa ko wani dattijo, kuma kada ka ɗaga murya, don kar a juya maganar kanka. In babu kuɗin lauya, nemi ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta. Gobe da sassafe ka fara, ka riƙe masa abinci.